Abokina Ya Ga Dajin Ƙanƙara, Ni Ina Sito

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani siton katako da ke bayan tashar jiragen ruwa ta Jidda, na yi wa abokina wani abu da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. An daɗe da wuce wurin, mun shirya. Shi da kansa ya ce in ba ku labarin in ina so, da sharaɗin kada in rage laifina. To ga shi, ban rage ba.

Ni ɗan masassaƙi ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, turmi da taɓarya da akushi yake yi a ƙauyenmu can kudancin Kano, kuma tun ban isa ɗaukar gatari ba yake shiga daji da ni. Shi ya nuna mini ƙirya ake nema in ana son turmin da zai yi shekaru, ya koya mini gane marke da maɗaci tun daga nesa. Da na zo Jidda na fara da dako a wannan sito, ina sauke katako daga mota. Ba a yi shekara biyu ba kafilina, wato mai siton da takardar zamana a ƙasar take hannunsa, ya lura hannuna ya san itace. Dattijo ne ɗan gari, mai faɗa amma ba ya zalunci. Ya ɗauke ni daga dako ya mai da ni mai tantance kaya. Duk kwantenar da ta fito daga tasha, ni nake fara buɗewa.

A wannan aikin na gane daji ba iri ɗaya ba ne a duniya. Akwai wani jan katako da muke ce wa meranti, daga kurmin ƙasashen Asiya yake zuwa, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa kuma ba su san sanyi ba. In ka duba bakinsa da ƙyar za ka ga layin shekaru, don bishiyar ba ta taɓa tsayawa da girma ba. Akwai zan, mai nauyi, na kujeru da gadaje, shi daga tsakiyar Turai yake fitowa, inda bishiya take zubar da ganye in sanyi ya shigo, ta yi sabo in gari ya yi ɗumi. Amma wanda ya tafi da hankalina shi ne wanda kowa a kasuwa yake kira suwedi. Fari ne mai ratsin ja, ba nauyi, in aka yanka shi ƙamshin ƙaro ya cika sito. Bakinsa layuka ne sirara a matse, kamar da allura aka zana, kowane layi shekara guda. Wata rana na zauna na ƙirga na wani gungume, na wuce ɗari, faɗinsa kuwa bai fi tafin hannuna biyu ba. Na tambayi kafili dalili. Ya ce a can ƙuryar arewacin duniya bishiya 'yan watanni kaɗan take samu ta girma, sauran shekarar a daskare take tana jira.

Daga ranar na kamu. Na dinga neman bidiyon dajin a waya. Bishiyoyi ne masu ganye kamar allura, ba sa zubarwa rani da damina, ƙasansu da faɗi samansu da tsini, don dusar ƙanƙara ta zame ta faɗi kada reshe ya karye. Daji ne na bishiya iri biyu ko uku kawai, amma sai ka yi kwanaki a mota ba ka fita cikinsa ba. An ce in ka ci gaba da yin arewa sai su dinga gajarta har su koma kamar sabara, daga nan babu komai sai fili. Ni da gumi yake ɗiga daga haɓata a Jidda, ina zaune a kan katako ina kallon wannan kamar mai leƙen wata duniya. Matata har tsokanata take yi, wai ta auri mutum ashe zuciyarsa tana wurin itace.

Shi abokina haifaffen unguwar Hindawiyya ne, nan cikin Jidda. Kakansa ne ya zo hajji ya zauna, shi bai taɓa kwana a Nijeriya ba, Hausarsa ma rabi Larabci ce. A masallacin unguwa muka saba, daga nan iyalanmu suka zama ɗaya. Lokacin da shagon da yake aiki a kasuwar Sharafiyya ya rufe, ni na je na roƙi kafilina ya ɗauke shi, aka mai da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, hannun kafilin. Ranar da ya fara bai san bambancin zan da meranti ba, komai a wurinsa katako ne. Ni na koya masa. Ni na nuna masa yadda ake duba baki, yadda ake ƙwanƙwasa katako a ji ko ya bushe. Shi ya sa yake kirana “ya mu'allim,” kuma in ya faɗa nakan ji daɗi fiye da yadda nake nunawa. Abin da yake da shi wanda ba ni da shi kuwa shi ne boko. Ya iya Turanci, ya iya rubuta wasiƙa, ba a jima ba ya zama shi ke amsa wayar mutanen waje.

Wata shekara aka fara raɗe-raɗi a sito cewa masu injin yankan katakon da muke saye a wurinsu sun gayyaci kafili ya zo ya ga dajin, ya zaɓi kaya da kansa. Kafili kuwa ya ce gwiwarsa ba za ta ɗauki wannan sanyi ba, wakili zai tura. Ban tambayi kowa ba, na yanke wa kaina hukunci ni ne wakilin. Waye ya fi ni sanin suwedi a wannan sito? Ranar Juma'a da yamma na shiga Sharafiyya, na zagaya shaguna har na samu wata katuwar rigar sanyi mai gashi a wuya. Mai shagon yana kallona yana kallon rana. Na kai ta gida na saka a gaban madubi, fanka tana juyawa, gumi yana bin bayana. Matata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Kwana uku bayan haka kafili ya kira mu ofis mu biyu. Ya dubi abokina ya ce masa ya kawo fasfo gobe, shi zai tafi. Sannan ya juyo gare ni.

“Kai ba zan iya barin sito ba kai ba. Kuma can Turanci ake yi. Ka koya masa abin da ya rage kafin ya tashi.”

Na ce to. Har na yi murmushi, na kama hannun abokina na ce masa mabruk. Amma wallahi ji na yi kamar an zuba mini ruwan zafi a ƙirji. Da muka fito yana ta murna, yana cewa, “Ya mu'allim, ni ko firji ba na son buɗewa, yaya zan yi da wannan ƙasa?” Shi wasa yake yi. Ni kuwa a raina cewa nake, to ai shi ke nan, an ba wanda bai san darajar abin ba.

Da na koma gida matata ta ɗauko rigar daga cikin leda ta ajiye a gabana.

“Malam, kai masa. Kai dai ba inda za ka sa ta, sai dai in ciwon zafi kake nema.”

Na kai masa. Ya rungume ni, ya ce bai taɓa ganin aboki irina ba, har rigar sanyi na saya masa. Ban gyara masa zancen ba.

Ya tafi a tsakiyar sanyinsu, don lokacin ake sare itace, ƙasa ta daskare manyan motoci suna iya shiga daji. Tun daga ranar farko hotuna suka fara shigowa wayata. Ga shi a tsaye, dusar ƙanƙara ta kai masa gwiwa, bishiyoyin nan da na yi shekaru ina kallo a waya sun kewaye shi, kowacce ta yi fari fat. Ga shi ya dafa wata mai farin ɓawo kamar an shafe ta da alli. Ga wani tafki da ya daskare har mota tana bi ta kai. A kowane hoto kuma rigata ce a jikinsa. Yana turo saƙon murya, wai rana sai wajen ƙarfe goma take leƙowa, kafin ka gama azahar la'asar ta yi, kafin ka naɗe sallaya an shiga magariba. Nakan saurara sau biyu, sau uku, in ƙara girman hoton in duba ɓawon bishiyar, sannan in amsa masa da “Masha Allah” kawai. Wani lokacin ko hakan ba na yi, sai in tura masa hoton babban yatsa.

Rana ta biyar da tafiyarsa, da safe wani mai saye ya zo, na ji kafili yana nuna masa hotunan yana cewa, “Wannan wakilina ne a Turai, ya san katako kamar ɗan can.” Ina tsaye a gefe da tef ɗin awo a hannu. Da azahar muna cin shinkafa da ma'aikata sai wayata ta yi ƙara. Abokina ne, kiran bidiyo. Na tashi na koma gefe.

Yana tsaye a filin injin, hayaƙi yana fita daga bakinsa, bayansa ƙunshin katako ne tuli-tuli. Ya ce kaya kashi biyu aka nuna masa. Ɗaya a shirye yake, in ya sa hannu yau zai kama jirgin wannan mako, kafili kuma yana ta matsa masa a yi sauri. Ɗayan sai ya ƙara mako biyu a ɗakin da suke busar da katako da zafi. Ya juya wayar ya nuna mini na farkon. Katako ne mai kyau, fari tas, layukansa a matse.

“Baturen nan mai injin ya ce ya bushe daidai lodi. Ya mu'allim, akwai abin da zan duba kafin in sa hannu?”

Na san amsar. Na san ta kamar yadda na san sunana. Bushewar da ta ishi katakon da za a kai maƙwabtansu masu sanyi ba ta ishi wanda zai yi makonni a cikin akwatin ƙarfe yana ratso zafin Bahar Maliya ba. Abin da zai yi kawai shi ne ya sa a zaro katako ɗaya daga tsakiyar ƙunshi, a yanka shi biyu, a soka masa na'urar auna danshi a ciki. Aikin minti goma. Maganar tana kan harshena. Sai na ga gashin wuyan rigar nan yana kaɗawa, na ga dajin a can bayan kansa, baƙi-baƙi har iya ganin ido, maganar kafili ta safe ta dawo mini.

Na ce, “Kai da kake tsaye a gabansa kake tambayar mai kallo ta waya? Ai kai ne wakili. Abin da idonka ya gani shi ne.”

Ya yi dariya. Ya ɗauka yabo ne.

“Halas, shi ke nan, tunda ka ce haka. Bari in gudu, yatsuna sun mutu.”

Na koma na zauna gaban shinkafa, na kasa ci. Na dinga gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba. Ban ce ya saya ba, ban ce kada ya saya ba. Wataƙila ma katakon ya bushe ɗin. Sau biyu a ranar na ɗauko waya zan kira shi, sau biyu na mai da ita aljihu.

Ya dawo bayan kwana goma, leɓɓansa duk sun tsage. Ya kawo mini rigar a wanke a goge, wai in ajiye, shi ma ba inda zai sa ta a Jidda. A majalisarmu ta bayan la'asar kowa ya zagaye shi ana jin labari, mai shayi ma ya bar tukunya ya matso. In ya ce bishiyar kaza, sai in ce a'a, ba ita ba ce, waccan ganyenta ya fi gajarta. In ya ce dajin ya yi shekara ɗari, sai in ce ai wannan yaro ne a wurinsu. Wani dattijo a cikinmu ya dube ni ya ce, “To kai da shi wa ya je ne?” Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ranar ban gama shayina ba.

Bayan kusan wata biyu kayan suka iso, kwantena huɗu. Kamar kullum ni na fasa ta farko. Ƙofar tana buɗewa wani zafi mai ɗoyin fumfuna ya buge mu. Ruwa yana ɗiga daga rufin. Katakon waje-waje da sauƙi, amma ban tsaya a kansa ba, na sa aka kwance ƙunshi na zaro na tsakiya. Ya yi shuɗi-shuɗi tun daga kai har ƙarshe, kamar an ɗiga masa tawada. Ta biyu haka, ta uku haka, ta huɗu ta fi duka.

Kafili ya fito daga ofis yana dogara sanda. Ya ɗauki katakon ya juya, ya shinshina, ya jefar. Ban taɓa jin muryarsa ta kai inda ta kai ranar ba.

“Hoto na tura ka ka yi? Na tura ka ka sa riga ka tsaya cikin ƙanƙara? Wannan wa zai saya ya yi ƙofa da shi?”

Ma'aikata duk sun tsaya. Ya ce wa abokina ya tafi gida kada ya dawo, iƙamarsa kuma da za ta ƙare wata mai zuwa ba zai sabunta ba, ya je ya nemi wani kafilin. Duk wanda ya zauna a nan ya san nauyin wannan magana. Mutum ne mai mata da 'ya'ya uku da tsohuwa a gida, kuma ba shi da wata ƙasa da ya sani sai lungunan Hindawiyya. Ya ɗago kai ya dube ni sau ɗaya. Na jira ya ce ai ya kira ni, ai ya tambaya. Bai ce ba. Cewa ya yi, “Laifina ne, ya ammi,” wato baffa, yadda muke kiran kafili. Ya ɗauki makullin motarsa ya fita.

Da na koma gida aka kawo abinci na tura gefe. Matata ta kori yara waje, ta zauna.

“Tun da bawan Allahn nan ya tafi ba ka ambace shi ba sai da tsaki. Yau kuma an kore shi ka kasa cin abinci. Me ka yi?”

Na gaya mata duka. 

“Malam, na ɗauka ƙyashi kawai kake yi, ina ta yi maka dariya. Wannan ya wuce ƙyashi. Mahaifiyarsa ce fa ta zauna da ni a asibiti ranar da na haihu, lokacin ba mu da kowa a garin nan. Da wane ido zan kalle ta?”

Na ce ai ban yi masa ƙarya ba.

“To je ka faɗa wa kafili hakan, ka ji abin da zai ce.”

Washegari tun kafin ma'aikata su iso na shiga ofis. Na faɗa masa abokina ya kira ni kafin ya sa hannu, ya tambaye ni abin da zai duba, na sani, na ƙi faɗa. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya tambaye ni dalili. Na yi niyyar in kawo wani uzuri, amma babu, sai na ce, “Don ni na so zuwa.”

Na ɗauka zai yi ihu kamar jiya. Bai yi ba, kuma da ihun ya yi da ya fi mini sauƙi.

“Shi bai sani ba, ya tambaya. Kai ka sani, ka yi shiru. Wanne zan ajiye a sitona? Shekara nawa kana tare da ni, ba ka iya buɗe baki ka ce ya ammi ina son in ga dajin nan ba? Ko ban tura ka ba ai da na san abin da ke ranka.”

Na ce ya yi mini duk abin da ya ga dama, amma ya mai da abokina. Na kuma ce kayan ba su mutu ba. Wannan shuɗin launi ne kawai, ba ya cin ƙarfin katako in an tare shi da wuri. In aka fito da shi duka yau, aka jera shi da sanduna a tsakani iska ta ratsa, wanda abin bai yi nisa ba inji zai goge shi, wanda ya yi nisa kuma magina za su ɗauka su yi zubin kankare.  Daga ƙarshe ya ce in kira abokina ya dawo. Ya ce mu biyu za mu yi aikin da hannunmu, ni kuma daga yau na koma dako, tantance kaya ya ba wani har sai ya ga dama.

Mako uku muka yi a rana. Shi ya kama kai ɗaya, ni in kama ɗaya, mu ɗaga, mu jera, mu sa sanda, mu koma. Kafili ya riga ya gaya masa abin da na faɗa. Bai zage ni ba, bai yi mini gori ba. Maganarsa da ni ba ta wuce “ɗaga” da “sauke” ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya daina ce mini ya mu'allim. In dole ta sa sai ya ce “malam,” kamar wani baƙon da ya haɗu da shi a tasha.

A rana ta goma sha wani abu muka zauna a inuwar kwantena muna shan ruwa. Na ce masa ya yafe mini. Na ce ba ni da hujja, hassada ce ta kama ni, na ga ya samu abin da na fi shekara goma ina so.

Ya juya gorar ruwan a hannunsa.

“Tun ranar da aka buɗe kwantena na gane. Ba ka ko kalli na waje ba, kai tsaye ka tafi tsakiya. Na ce ashe ya san inda ake dubawa.”

Na sunkuyar da kai.

“Ka san abin da ya fi ba ni haushi, ya akhi? Hotunan nan kai nake ɗaukar wa. Ni me ya dame ni da bishiya? Sanyi kawai nake ji, ga abincinsu ba ya shiga. Sai in cire safar hannu, yatsuna kamar za su gutsure, in ɗauki ɓawo kusa-kusa, don na san za ka so ka gani. Akwai ranar da Baturen ya shiga da ni can ciki da ƙafa, ya tsaya gaban wata bishiya ya ce in faɗi shekarunta. Na tsaya kamar wawa. A raina na ce wallahi ba ni ya kamata in tsaya a nan ba. Na dawo masauki na tura maka hotuna goma sha biyu, ka aiko mini da yatsa.”

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ga mu manya biyu, jikinmu duk garin katako. Amma don ku san irin halina, ko a wannan lokacin abin bai sake ni ba. Ina share ido na ji bakina yana cewa, “Can cikin da ya kai ka, yaya yake?”

Ya dube ni kamar zai kwaɗa mini gorar. Sai ya fashe da dariya.

“La haula. Kai ba za ka warke ba.”

Ya gyara zama ya ba ni labari, ba irin na majalisa ba. Ya ce babu tsuntsu, babu ƙwaro, babu iska. Dusar ta shanye duk wani sauti, har kana jin bugun zuciyarka. Jefi-jefi sai wata bishiya ta yi ƙara kamar an harba bindiga, sanyi ne ya tsaga ta. In ka ɗaga kai sama ba ka ganin komai sai tsini-tsini da wani ɗan haske kamar na bayan asuba, alhali tsakar rana ce. Ya ce tsoro ya ji, ya yi ta salati a zuci. Ina saurare ina jin daɗi, ina kuma jin zafi, duka a lokaci guda. Da ya gama ya miƙe ya karkaɗe wando.

“Yalla, ya mu'allim, katako yana jira.”

Yawancin kayan sun tsira. Kafili ya sabunta masa iƙama, ni kuma sai da na yi wata biyar ina dako kafin ya mai da ni wurina, bayana har yau yana tuna mini. Daga baya na bar siton na buɗe ɗan shagon kafinta. Abokina yana nan a siton, shi ne babba a wurin yanzu, ya koma ƙasar nan ba sau ɗaya ba. Ni har yau ban je ba, kuma da alama ba zan je ba.

Abin da na gane shi ne hassada ba ta zo mini da sunanta ba. Da ta zo ta ce ni ce hassada, da na yi a'uziyya na kore ta. Zuwa ta yi ta ce mini an zalunce ka, kai ka fi cancanta, kuma abin da ya sa ta samu wurin zama shi ne akwai gaskiya a maganar. Na fi shi sanin katako, har gobe. Amma wannan gaskiyar ce na riƙe na kusa raba mutum da garin da aka haife shi, ba tare da na faɗi kalmar ƙarya ko ɗaya ba. Tun daga lokacin nake tsoron shiruna fiye da maganata.

Ba zan ce muku na warke ba. In ya turo hoto har yanzu sai wani abu ya soke ni a ƙirji. Bambancin kawai yanzu ba na ɓoye shi, don na ga a ɓoye yake girma. A sanyin da ya wuce ya sake kirana daga can, ina tsakiyar goge wata ƙofa. Ya nuna mini kaya ya ce me zai duba. Na kashe inji na ce, “Na farko dai, ka sani ina baƙin ciki da kai.”

Ya ce, “Wannan na sani. Na biyu fa?”

Na ce ya samo biro da takarda, maganar tana da tsawo.